Manaja Mai Shuɗin Kunne

A layinsu babu mai kiransa da sunan yanka, Na-Sani ake ce masa, kuma shi ya jawo wa kansa. Duk maganar da ka ɗauko, kafin ka kai tsakiya ya tare ka da "Ai na sani." An ce likita ya taɓa fara yi masa bayanin magani, ya ce ai ya sani, ya koma gida ya shanye na ɗigawa a ido. Ba wai kai ne babu ba. Kai kam akwai shi, da kyakkyawan sakamako ya gama jami'a, sai dai bakin ya fi kan gudu. Tun da ya gama karatu ba shi da aiki sai zama a bencin mai aski yana gyara tattalin arzikin duniya, in rana ta take ya koma gidan wansa ya ci abinci.

Wan nasa, wanda yake kira Yaya, shagon fenti gare shi a bakin titi. Shi ya biya masa makaranta, shi ya ba shi ɗaki, kuma mutum ne mai haƙurin tsiya. Amma haƙuri ma yana da gindi. Wata safiya Yaya ya tare shi a ƙofar gida yana saɓa takalmi zai tafi benci.

"Ƙanena, zaman nan ya isa haka. Akwai wani ejan na kamfanin inshora da ke leƙowa shagona, ya ce suna ɗaukar matasa su koya musu aikin manaja. Na ba da sunanka. In ka samu, Allah Ya sa albarka. In ba ka samu ba, ga shago nan, ka zo mu riƙa dama fenti tare, kuma ba shawara nake ba ka ba."

"Haba Yaya! Da digirina zan dama fenti?"

"Fentin ne ya biya digirin. Kuma ka saurara da kyau, wannan kamfanin su ne suke..."

"Ai na sani, Yaya. Na san su ciki da bai."

Yaya ya haɗiye sauran maganar ya wuce. Abin da yake so ya gaya masa shi ne, a wannan kamfanin ya yi wa shagonsa inshora, shi ya sa ejan ɗin ke zuwa. Na-Sani ya sha ganin mutumin a shagon da 'yar jakarsa, ya ɗauka mai sayen fenti ne da ba ya gajiya da taya.

Kafin azahar labari ya cika layi, don shi da kansa ya raba shi. Ya zauna a kujerar aski ya ce a yi masa irin na manyan ma'aikata.

"Wane iri ne na manyan ma'aikata?" in ji mai aski.

"Wanda in an gani za a miƙe tsaye."

Tela, wanda shagonsa ke manne da na mai aski, ya leƙo da almakashi a hannu. "Wai me ake yi a inshorar nan ne, Manaja?"

Sunan ya yi wa Na-Sani daɗi har ya gyara zama. "Tsoro muke sayarwa, Tela. Ka nuna wa mutum wutar da ba ta kama ba, ya biya ka. Ni kuwa Allah Ya ba ni baki."

"Wannan kam mun shaida," in ji mai walda daga tsallaken kwata. "In baki ake nema, su ba ka kamfanin gaba ɗaya."

Matakin farko jarrabawa ce a kwamfuta, a wani dogon ɗaki mai sanyi kamar na ajiye gawa. Nan kam ba a buƙatar baki, don haka kan ya samu damar yin aikinsa, Na-Sani ya ci da maki mai kyau. Ya dawo ya gaya wa 'yan benci cewa kwamfutar da kanta ta tsaya tana mamaki.

Mataki na biyu shi ne aka zaunar da masu neman aikin a kewayen tebur, aka ba su labarin wani ɗakin ajiyar kaya da ruwa ya ci, aka ce su tattauna su fito da matsaya ɗaya. A gefe wata Hajiya mai tabarau, shugabar ɗaukar ma'aikata, ta zauna da biro a hannu. Abin da take dubawa shi ne wa ke sauraron ɗan'uwansa. Na-Sani kuwa ya fahimci cewa gasar magana ce. Wata yarinya ta buɗe baki ta ce, "Ni ina ganin da farko mu duba ko..." ya ce ai ya sani, ya ƙarasa mata da abin da ba shi take nufi ba. Wani saurayi ya ɗaga hannu, ya riƙe hannun ya sauke masa shi a hankali kamar mai lallashin yaro. Duk sanda ya kalli Hajiya sai ya ga tana rubutu, shi kuma ya ƙara ƙaimi.

"Wallahi biron matar nan sai da ya ƙare," ya gaya wa 'yan benci da yamma. "Ko kalma ɗaya tawa ba ta bari ta faɗi ƙasa ba."

Gaskiyar magana, makin jarrabawarsa ne ya cece shi, da kuma ejan da ya yi ta roƙo saboda mutuncin Yaya. Aka kira shi matakin ƙarshe. Aikin da aka ba su mai sauƙi ne: kowa ya je wani wurin sana'a na gaske, ya duba haɗarin da ke ciki, ya ɗauko hotuna, ya zo ya yi bayani a gaban manya, ya faɗi ko kamfani ya karɓi wurin ko kada ya karɓa.

Na-Sani ya ce abin nema ya samu. Ina wurin da ya fi shagon fenti haɗari? Washegari Yaya zai tafi ɗauko kaya wurin manyan dillalai, sai ga ƙanensa ya zo yana neman makulli, wai zai tsare masa shago. Yaya ya tsaya yana kallonsa, daɗi ya kama shi har idonsa ya kawo ruwa. Ya miƙa masa makullin da hannu biyu yana sa masa albarka.

Da Na-Sani ya buɗe shagon ya duba, sai ransa ya ɓaci. Komai tsaf. Gwangwanayen fenti a jere a kan kanta, manya a ƙasa, ƙanana a sama. Tina, man nan da ake tsinka fenti da shi mai kama wuta kamar fetur, yana can baya a kejin ƙarfe da kwaɗo. Tukunyar kashe gobara a rataye bakin ƙofa, bokitin yashi a ƙarƙashinta. Janareto a waje cikin ɗakinsa. Ƙofar baya a sarari, ko tsintsiya ba a jingine ba.

"Wannan wane irin rashin kishi ne?" ya ce shi kaɗai. "Mutum yana neman aiki, ɗan'uwansa ya gyara shago haka? Me zan nuna wa manya, tsabta?"

Ya fita ya tattaro mutanensa. Ya ce musu wasan kwaikwayo za a yi na ɗan lokaci, kuma in ya zama manaja ba zai manta da su ba. Mai walda ya taya shi jan janareto zuwa cikin shago, suka jingina shi da jarkokin tina da suka fito da su daga keji. Tukunyar kashe gobara aka kai ta shagon mai aski aka ɓoye a bayan madubi. Kwalaye aka tula a ƙofar baya har ba a ganin ta. Mai walda ya kawo tsofaffin wayoyinsa na lantarki masu kwailewar baya, aka rataya su daga fanka zuwa kanta kamar igiyar shanya.

"Tela, zo ka zauna a kan jarkar nan ka riƙe sigari."

"Ni ban taɓa shan taba ba, Manaja. Matata ta ga hoton nan na shiga uku."

"Ba kunna ta za ka yi ba. Ka dai yi fuskar marar hankali."

"Ai sai ka koya masa," in ji mai aski. "Tela, dubi Manaja ka kwaikwaya."

Aka yi hotuna. Tela da sigari a kan tina, mai walda da abin aikinsa a kusa da kwalaye, mai aski kwance a ƙasa wai barci yake yi a bakin aiki. Mutanen da ke wucewa suka fara tsayawa, wata tsohuwa ta tambaya ko Yaya ya haukace ne. Na-Sani ya duba wayarsa, ya ce hotunan sun yi kyau amma da saura, manya suna son a ga komai daga sama.

"Ga tsani can," in ji mai walda. "Amma kada ka dafa kantar nan, don mun zare..."

"Na sani."

Abin da suka zare shi ne katakon da ke tokare kantar, don janareto ya samu wuri. Na-Sani ya hau tsani, ya ɗaga waya da hannu ɗaya, ya dafa kanta da ɗayan. Kantar ta yi wani ƙara kamar tsohuwar ƙofa, ta sunkuyo a hankali, sannan ta taho gaba ɗaya. Gwangwanaye suka yi ta zubowa suna fashewa, ja da fari da kore suka haɗu suka malale har bakin titi. Wani babban bokitin shuɗi ya jira sai da Na-Sani ya sauka a ƙasa da gindi, sannan ya kife masa a ka.

"Innalillahi! Manaja, kana da rai?" in ji Tela.

Daga cikin bokiti aka ji murya: "Wayata! Ku ɗaga wayata!"

Tsoron Yaya ya sa 'yan taimako suka yi sauri. Kafin la'asar janareto ya koma ɗakinsa, tina ya koma keji, tukunyar kashe gobara ta koma ƙusarta, sannan kowa ya koma shagonsa ya duƙufa da aiki kamar bai taɓa fitowa ba. Abin da ya gagara mayarwa shi ne fentin. Yaya ya dawo ya tarar da rabin kayansa a ƙasa, ƙanensa kuma a bakin famfo yana dirzar kai.

"Me ya faru?"

"Kanta ce ta gaji, Yaya. Ina zaune kawai ta taho."

Yaya ya dubi ɓarnar, sannan ya dafa kafaɗar ƙanensa. "Alhamdulillahi da ba ta kashe ka ba. Kaya ai nema ake yi. Kada ka damu, gobe da safe zan je..."

"Na sani, Yaya, wurin kafinta. Ka nemi mai kyau."

Washegari ita ce ranar bayani. Sabulu ya yi iya yinsa, kananzir ma ya yi, amma kunnen hagu ya ƙi, ya tsaya shuɗi har cikin rami. Na-Sani ya sa kwat ɗin da Tela ya ara masa, ya yanke shawarar zai riƙa juya wa manya gefen dama.

Ɗakin taron yana hawa na sama. Hajiya mai tabarau tana tsakiya, kusa da ita wani dattijo mai sanƙo, shugaban sashen biyan diyya, mutumin da ya shekara yana sauraron labarin gobarar da ta tashi da kanta. Sauran masu neman aikin suna zaune a baya. Yarinyar nan ta nuna wani kantin magani, ta ce ba ta ga wani babban haɗari ba sai firiji da ke kusa da soket. Na-Sani ya yi murmushin tausayi.

Da aka kira shi ya miƙe ya tsaya a karkace. Aka haska hoton farko a bango: Tela da sigari a kan tina.

"Ranku ya daɗe, wannan ba shago ba ne, kabari ne da ake jiran mai shi. Ku dubi janareto. Ku dubi wayoyi. Ku nemo mini abin kashe gobara, in kun gani na ba ku kwat ɗin nan."

"Kai ka yi wa mai shagon magana?" in ji Hajiya.

"Na yi har na gaji, Hajiya. Irin mutanen nan ne da ba su je makaranta ba, ba sa jin shawara. In ka fara magana su ce sun sani."

"To mece ce shawararka ga kamfani?"

"Kada a karɓe shi. In ma tsautsayi ya sa an riga an karɓa, a kore shi yau. In ya zo yana kukan asara, a nuna masa ƙofa."

Mai sanƙo, wanda tun ɗazu bai motsa ba, ya ɗaga yatsa. "Koma hoton baya. Wanda allon shagon ya fito." Ya sa tabarau ya duba, ya duba wayarsa, ya sake duba bango. "Ikon Allah. Da safen nan wani mutum ya kawo mana hoton shagon nan, kanta ta faɗi ta yi masa ɓarna, yana neman diyya. Mu muke masa inshora. Yana ƙasa yana jira. A hawo da shi."

Na-Sani ya so ya ce ai ya sani, bakin ya ƙi buɗuwa.

Aka turo ƙofa, ejan ya shigo, Yaya na biye da shi da hularsa ta zuwa unguwa. Ya yi sallama da ladabi, ya ga ƙanensa ya yi masa murmushin ƙarfafa gwiwa, sannan ya ɗaga kai ya dubi bango. Murmushin ya tsaya a inda yake.

"Wannan ai shagona ne. Wancan Tela ne? Yaushe Tela ya fara shan taba? Wa ya shigar mini da janareto?"

"Malam, kun san wannan matashin?" in ji mai sanƙo.

"Ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya."

"Madalla. Yanzun nan ya gama gaya mana cewa ba ku je makaranta ba, ba ku jin shawara, kuma mu nuna muku ƙofa."

Wani a baya ya kasa riƙe dariya, ya mai da ita tari. Mai sanƙo ya juya wurin Na-Sani, ya yi magana a hankali kamar mai karanta hukunci.

"Samari, magana biyu ce. In hotunan nan gaskiya ne, wanka ya karya sharaɗinmu, ba diyya, kuma daga yau mun cire hannunmu daga shagonsa, kai kuma ka yi aiki mai kyau. In kuma shirya su aka yi, to ka kawo mana ƙarya a ɗakin da muke gwada amana. Wanne ne?"

Gaba kura, baya sayaki. Na-Sani ya ga kujerar manaja tana yi masa murmushi, kalma ɗaya ce tsakaninsu. Sai idonsa ya sauka a hannun Yaya, wanda ke riƙe da bayan kujera, farce duk fenti ya zauna a ciki, fentin da ya biya digirin. Kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba, har ya manta ya juyo gaba ɗaya.

"Subhanallahi, me ya samu kunnenka?" in ji Hajiya.

"Bokiti ne, Hajiya." Na-Sani ya dubi Yaya. "Ni na shirya komai. Shagon Yaya ba shi da aibi, tsabtarsa ce ma ta ba ni haushi. Ni na zare katako, ni na ka da kantar."

"Ka san da mu yake inshora?"

Na-Sani ya sunkuyar da kai. "Ban sani ba."

Yaya ya dafe ƙirji ya juya wurin Hajiya. "Don Allah Hajiya, tun da biro na hannunki, rubuta mini wannan. Tun yana rarrafe nake jiran ranar da zai faɗe ta."

Wannan karon ba wanda ya yi tari, ɗakin gaba ɗaya ya fashe, har mai sanƙo. Yaya ya ce ya janye neman diyyar, tun da ɓarnar ta gida ce a gida za a gyara ta. Kamfani ya bar masa inshorarsa. Aikin kuwa aka ba yarinyar nan mai firiji.

Suka sauko tare. A bakin titi Yaya ya tsaya ya dube shi.

"Da ka ce gaskiya ne, da yanzu kai manaja ne."

"Na sa..." Ya kama bakinsa.

"Allah Ya yi maka albarka. Gobe da sassafe ka zo da tsohuwar riga."

Haka aka yi. Na-Sani ya wayi gari a durƙushe a shagon Yaya da ƙarfen kankara a hannu, yana ɓamɓare busasshen fenti daga siminti. Sunan Manaja kuwa ya zauna daram. Tela in zai wuce sai ya rusuna ya ce, "Ranka ya daɗe, an fito ofis?" Shi kuma bai fasa ba, yana kankara yana gaya wa masu sayen fenti cewa shi ya ƙi aikin, don kamfanin da kansu sun ce ba su taɓa ganin bayani irin nasa ba.

Bayan 'yan makonni ejan ya leƙo da jakarsa, ya gaisa da Yaya, ya hango mai kankara a lungu.

"Af, Manaja, ina da albishir. Hotunan nan naka, mai gidanmu ya sa an ajiye su. Duk sababbin ma'aikata da su ake fara koya musu yadda ake gane shiri. Tela ma ya yi suna, har tambayarsa ake yi."

Na-Sani ya miƙe tsaye, ƙirji a gaba. "Kun ji ko? Yaya, ka ji da kunnenka? Na gaya muku sai kamfanin nan ya yi aiki da ni!"

Yaya bai ɗago daga fentin da yake damawa ba. "Na ji, ƙanena. Hotunan sun samu aiki, Allah Ya sa su riƙe amana. Kai kuma ga can ƙarƙashin kanta ka tsallake, akwai sauran shuɗi."